Babur Namu, Kallo Namu, Saura Fili

Masu shirya tseren babura a ƙasashen duniya, babban abin da ke hana su runtsawa shi ne yadda za su tara 'yan kallo. Su zauna a ofis, su kira masana talla, su yi ta buga lissafin ta ina za a ɓullo wa mutum ya bar ɗakinsa ya zo bakin fili. To jama'a, ina ma mu suka zo suka tambaya! Mu da ko tayar mota ce ta yi faci a bakin titi, kafin direba ya gama zaro jak mun yi masa zobe, wasu na ba da shawara, wasu na musu da masu shawarar, sauran kuma sun goya hannu a baya suna jiran su ga yadda za ta kaya. Ba wanda ya raba mana goro, ba wanda ya yi shela. In ana bikin farar kaza ai balbela ba sai an gayyace ta ba, mu kuwa a wajenmu kowane taro bikin farar kaza ne.

Shi babur ɗin ma ɗan gida ne. Tun zamanin Besfa, wadda malamin makaranta ke goge ta da tsumma kowace safiya kafin ya karya kumallo, har zuwa Jincheng da ta cika gari, da Boxer mai ɗaukar duk abin da aka ɗora mata ba ta ce uffan ba, da roba-robar samari da ma'aikata, da kabu-kabun Maraɗi da Damagaram, wane zaure ne babur bai taɓa kwana a cikinsa ba? Kamfani ya ƙera shi don mutum biyu, mu muka gano ashe yana ɗaukar shida: maigida a gaba, ƙaramin yaro a kan tanki ya riƙe madubi in akwai, biyu a tsakiya, uwargida a baya da goyo, in jajiberin Babbar Salla ne har da rago a gicciye. Na ce in akwai, domin ranar da muka sayi sabon babur, kafin a kai shi gida a sa albarka mun biya ta wajen bakanike an kwance madubin, amma ledar da ke kan kujera da tanki sai ta shekara ba mu yage ta ba, don kowa ya san sabo ne. Ga shi kowannenmu bakanike ne ta kunne. Babur ya wuce ta gaban majalisa, ba wanda ya ɗaga kai, sai ka ji an ce, "Wannan fulogi ne," wani ya ce, "Haba Malam, kaburata ce, ba ka ji yadda take shaƙewa ba?" Uwargida na tsakar gida tana tankaɗe, babura ashirin sun wuce ba ta motsa ba, na maigida na karyo kwanar layi sai ta ce wa yara, "Ku kwashe takalmanku daga hanya, ga Babanku nan." Mutanen da kunnensu ya kai haka a kan injin babur, a ce wai sai an roƙe su su zo kallon tsere?

Ai ma muna zuwa, wurin ne dai ba wurin ba. A duba ranar ɗaurin aure ko kai amarya, da abokan ango suka tare titi. Wani ya ɗaga tayar gaba yana tafiya a kan ta baya, wani ya miƙe tsaye a kan kujera ya saki hannu, wani ya kwantar da babur har ƙarfe na tartsatsin wuta a kwalta, an fasa salansa ƙara na tashi har unguwa ta uku. Mu kuma fa? Dattijo na zaune yana girgiza kai, "Allah ya shirya yaran zamani," amma ya juya bencin ya fuskanci titi, har yana ce wa na gabansa, "Kai ɗan nan, matsa, ka tare mini." Wanda ya rantse in ya ga ɗansa a cikinsu sai ya saɓa masa, shi ne ya ɗaga waya sama yana ɗaukar ɗan maƙwabci. Mata na leƙe ta ƙofar zaure da saman katanga, ana salati ana kallo, hannu ɗaya a ƙirji, ido kuwa ko ƙiftawa. Duk muna ciki, kada wanda ya ce ban da shi.

Sai dai abin da ke biyo baya ba na dariya ba ne. A titin da ake wasan nan akwai yaron da aka aika sayen magi, akwai tsohuwa mai tsallakawa, akwai Adaidaita Sahu cike da fasinja. Wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala, ko ya zauna a zauren mai ɗori ya ji ƙarar saurayi ana ja masa ƙafa, ya san kuɗin wannan kallon da muke yi kyauta, ya kuma san uwa ce ke biya. Hukuma ta hana, an kama, an ci tara, wasan bai mutu ba, ya dai koma wani layin, mu ma muka bi shi. Shi ya sa ni dai na tsaya a kan a ba yaran nan fili. Gwanin yana nan, ɗan kallon yana nan, abin da ya rage a ɗauke su duka biyun daga kan kwalta a kai su inda aka kewaye, a sa doka, a sa kyauta. Amma wanda zai buɗe filin ya matso ya ji halinmu tukuna, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A bakin ƙofa ake fara yin ta. Mu ba ma son sayen tikiti, kuma ba rowa ba ce. A ce ɗari biyar ne shiga, sai ka ga mutum da babbar riga yana duba fuskokin masu tsaron ƙofa: "Kai, ba ɗan gidan Alhaji ba ne? Ina Baban naka? Ai tare muka yi makarantar allo." Wani ya ce shi ɗan kwamiti ne, wani ya ɗauko wa makaɗi ganga don a ce tare suke, samari kuma tuni sun raba rassan darbejiya da saman katanga da rufin tirelar da aka ajiye a gefe. Amma mutumin nan da ya yi rabin awa yana ciniki a kan ɗari biyar, bari maroƙi ya hango shi ya kira sunan kakansa, sai ka ga ya miƙe yana zaro 'yan dubu-dubu yana liƙi har aljihu ya yi fayau, ya koma gida a ƙasa yana murmushi. Kuɗin shiga ne ke mana ciwo, kuɗin a san mun zo kuwa ba ma ƙirga shi. Mai dabara sai ya sassauta ƙofa ya nemi kuɗinsa a ciki: tsayuwa ta zama kyauta ko kusa da kyauta, rumfa mai kujera da inuwa a sa mata farashi, a bar mai lasifika ya riƙa sanar da wanda ya ɗauki nauyin man zagaye na uku da wanda ya ƙara wa na biyu buhun shinkafa. Za a ga Alhazai na rige-rigen tura yaro da ambulan.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne haka. A Faransa akwai filin Le Mans, inda ƙasar ke karɓar MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya wadda tushenta ya faro tun 1949. A 2023 mutum sama da 278,000 aka ƙirga a kwana uku, a 2024 suka kusa 300,000, a 2025 suka haura 311,000. Da me suka ci wannan kasuwa? Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 in yana tare da babba ba ya biyan ko sisi, mutane na kafa tanti su kwana a wurin, da dare a yi kiɗa, a fito da mahaya kan dandamali su gaisa da jama'a. Biki dai suka haɗa, tseren ya zama ango a ciki. To wa zai koya mana biki, mu da aure ɗaya kan ci mana mako?

Sannan a ba mu ɓangare. Mu ba ma iya kallon abu hakanan, sai mun ɗauki gefe. Ko zakaru biyu ne ke faɗa a bakin bola, kafin minti ɗaya wani ya ce, "Ni jan nake bi." A gidan dambe akwai Kudu, akwai Arewa, akwai Guramada, kuma mutum kan tsufa a ɓangarensa. Ranar da Pillars ke wasa a filin Sani Abacha, wanda bai san dokar satar gida ba ma yana ihun "Sai Masu Gida." A gidan kallon ƙwallo mun ɓata da aminai saboda Madrid da Barcelona, garuruwan da yawancinmu ko a mafarki ba mu taka ba. Don haka in aka jera mana babura goma sha biyu, mahaya sun rufe fuska, ba suna ba unguwa, za mu kalli zagaye biyu mu koma wajen mai rake. Amma a ce wannan na Fagge ne, wancan na Kurna, ga ɗan Zariya ya iso, ga baƙo daga Maraɗi ya ce ba a taɓa wuce shi a kwana ba, to ranar ko mai jego sai ta aiko a tambayo mata wa ya ci. Turawan ma haka suke. Valentino Rossi na Italiya, mai lamba 46, ya ci kambun duniya sau tara, amma abin da ya cika filaye shi ne mutane sun ɗauke shi nasu, suna zuwa da riguna da tutoci ruwan ɗorawa har wurin zama ya rine. Cikar da Le Mans ke yi ma ba ta rasa nasaba da samun 'yan gida: Fabio Quartararo ya zama zakaran duniya a 2021, Johann Zarco kuma ya ci tseren gida a 2025 ana tsuga ruwa, abin da Bafaranshe bai yi ba tun 1954.

A kuma yi tseren da baburan da muka sani. Na MotoGP abin mamaki ne, a 2023 an auna Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu yana gudun kilomita 366 a awa a Italiya, amma ba wanda zai dafa kafaɗar na kusa da shi ya ce, "Irin nawa ne fa." A jera Boxer da Boxer, roba-roba da roba-roba, musun da muka yi shekaru muna yi a majalisa kan wane ya fi wane jan hanya ya samu alƙali.

Kuma don Allah kada a kawo mana tsere da ƙarar inji tsura. Shago jarumin ɗan dambe ne, amma mawaƙi Ɗan Anace ne ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta je ba. A Nijar, kokawar takobi da aka faro a Tawa a 1975 tana tsayar da ƙasar cak, kuma rabin daɗin yana bakin makaɗa da masu sharhi a rediyo, waɗanda ke sa mai sauraro a ƙauye ya miƙe tsaye shi kaɗai a gindin bishiya. A samo mai baki ya riƙe lasifika da Hausa, ya san sunan kowane mahayi da na ubangidansa da garejin da ya koyi aiki, kalangu na tashi duk sanda aka shiga kwana, kowane mahayi a bar shi ya yi kirarinsa kafin ya sa hula.

Mutanen Agadas sun riga mu ganin babban tsere, kuma labarinsu abin dubawa ne. Paris-Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro, ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratso Aljeriya ya shigo Nijar ta Agadas da Yamai kafin ya nufi Mali, kuma Cyril Neveu da ya zo na ɗaya a wannan karon a kan babur Yamaha yake. Shekaru da dama ayarin na ratsa hamadar Tenere, Agadas ta cika da baƙi, masu masauki da makanikai da masu jagora a hamada su samu ciniki. Amma ɗan kallo fa? Ya tsaya a rana tun safe, ƙura ta taso, abu ya wuce fuu, shi ke nan sai baɗi. Galibin mahayan baƙi ne daga Turai, bai san sunansu ba balle ya yi musu kirari. An soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, a 2009 aka kwashe shi zuwa Kudancin Amurka, tun 2020 kuma yana Saudiyya. Kayan aro dama ba ya rufe katara. Mu filin da zai riƙe mu shi ne wanda ido zai ga farkonsa da ƙarshensa daga inda mutum yake tsaye, babura su dawo gabanka sau goma, ka ga wanda ya wuce wani da idonka, don gani ya kori ji.

Batun lokaci kuwa, mu agogonmu salla ce. A rubuta ƙarfe biyu, za mu zo bayan La'asar, a rubuta bayan La'asar, za mu zo ƙarfe biyar muna tambayar "An fara?", da an kira Magariba kuma, ko zagayen ƙarshe ake yi, fili zai fara tsiyaya. Sai a cika ɗan tsakanin nan da gajerun tsere masu zafi, kowane minti goma a samu wanda ya ci, yadda wanda ya makara ma zai samu na ba da labari. Masu MotoGP sun gano haka, a 2023 suka ƙara gajeren tsere na rabin zango kowace Asabar, Katar kuma tun 2008 da dare take yin nata a ƙarƙashin fitilu. Mu namu ya faɗo bayan kaka, an kai amfanin gona gida, gari ya yi sanyi, aljihu ya yi nauyi.

Babbar maganar ita ce igiya. Mu ba ma ganin igiya. A ɗaura ta a gabanmu, na farko ya jingina da ita, na biyu ya ɗaga ta ya leƙa, na uku ya tsallake ya ce ƙaninsa yake nema, kafin a ankara fili ya tsuke. A tambayi dogaran da ke buɗe wa dawaki hanya ranar hawan salla. In wani ya faɗi kuma, maimakon mu ja baya, gaba ɗaya muke rugawa, muna "a ba shi iska, a ba shi iska," mu ɗari biyu a kansa. Da tausayi muke yi, Allah ya sani, amma a filin tsere sauran babura na nan tafe a guje. Shinge na gaske ake so, ninki biyu da tazara a tsakani, a jera tsofaffin tayoyi a kowace kwana, motar asibiti na tsaye da ma'aikatanta, kada a tada ko babur ɗaya sai an tabbatar da waɗannan. A nan ba sani ba sabo, ko ɗan hakimi ne ya tsaya bayan shinge.

Haka ma hular kwano. Wa ya manta Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta ce dole mai babur da fasinjansa su sa hula, aka wayi gari ana ganin ƙwarya da bokitin fenti a kan mutane an ɗaure da igiya a haɓa, har labarin ya zaga duniya? Wasu suka ce zafi, wasu suka ce ƙazanta, wasu suka ce ba za su kifa hular da ba su san kan da ta fito ba, kada a yi musu asiri. Doka ta yi iya yinta. Ni kam ina da yaƙinin abin da tara ta kasa, gwani zai iya. Ranar da yaran unguwa suka ga zakaran Fagge ba ya hawa sai da hula mai launi da lambarsa a jiki, da safar hannu da takalmi sau-ciki, washegari za a fara tambayar kuɗinta a kasuwa. Ai mu ne ke kai wa mai aski hoton ɗan ƙwallo mu ce irin wannan za a yi mana.

Akwai masu cewa yanzu lokacin wasa da babur ne? Suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, a Diffa an hana hawan babur a 2015, a ƙauyukan Zamfara da Katsina kuma ƙarar babura da yawa cikin dare ba abin da take kawowa sai faɗuwar gaba. Sunan babur ya ɓaci a hannun miyagu, alhali shi ne ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga, shi ne jarin magidanta masu yawa. Wannan ma dalili ne na a gan shi da rana tsaka a wurin farin ciki, da rajista da lamba da izinin hukuma, hakimi na zaune a rumfa, liman ya buɗe da addu'a, ba caca ba shaye-shaye. Halinmu ne, abin da muka ga manya sun zauna a kai, wanda ya fi kowa sukarsa jiya shi zai zo yana neman kujerar gaba. Indunusiya, ƙasar Musulmi mai babura sama da miliyan 100, da za ta karɓi MotoGP a Mandalika a 2022, sai da Shugaba Joko Widodo ya karɓi mahayan a fadarsa, suka zaga titunan Jakarta jama'a na ɗaga musu hannu.

A ware wa mata da yara rumfarsu mai ƙofa daban, da wurin alwala da bayi mai tsabta, domin leƙen katanga ya isa haka, kuma inda Hajiya ta ce za a je, to an je. Mai awara da mai tsire da mai zoɓo da ƙanƙara ba sai an kira su ba, a dai shata musu layi. Akwai a cikinmu wanda zai zo ya ci ya sha, ya gaisa da abokin da rabonsa da shi tun bikin wane, ya koma gida bai ga babur ko ɗaya ba, shi ma ɗan kallo ne, a bar shi ya zo. A saka har da gasar tafiyar hawainiya, wanda ya zo ƙarshe bai sa ƙafa a ƙasa ba shi ya ci, tsofaffin 'yan acaɓa su fito su nuna wa yara cewa riƙe kan babur ya fi murɗa totur wuya.

In an zo ba da kyauta, sabon babur ne ko kuɗi, a kira bakaniken da ya ɗaure injin ya hau tare da mahayin, da baƙin mai a rigarsa, a faɗi sunan garejinsa a lasifika sau uku. Washegari layin babura a ƙofar garejin zai kai bakin titi, sauran makanikan gari kuma ba za su zauna ba sai sun fito da nasu yaron. Mu kuwa a teburin mai shayi za mu kafa tamu gardamar: wannan ya ce a kwana ta uku aka cuci ɗan Kurna, wancan ya ce ƙarya ne, tayarsa ce ta sace, wanda bai je ba ya fi kowa ɗaga murya, har mai shayi ya gaji ya ce, "To ku bari mana, wata mai zuwa ai za a sake," na ƙarshen benci ya ce, "Da ni za a je, Malam, ko a kan darbejiya ne."